Ba Girin-girin Ba Dai Ta Yi Mai: Zaɓen Makarantar Kimiyya ta Kuɗi a Dutsen Abba

Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar damina ta yi nisa, masara ta fara fid da goyo a gonakin Dutsen Abba, akwai wata shawara da takan hana magidanta da yawa barci. Yaro ya gama aji shida na firamare, makarantu za su koma a watan Satumba, ga shi kuwa ba a tsai da inda za a kai shi ba. A da can abin ba shi da wuya, domin yaro yakan ci jarrabawa ne Gwamnati ta tura shi inda ta ga dama. Yau kuwa duk wanda ya taso daga wannan mazaɓa, wadda ɗaya ce daga cikin mazaɓu 13 na Ƙaramar Hukumar Zariya, ya biyo hanyar Kaduna ya shigo gari har ya kai Tudun Wada, zai yi ta cin karo da allunan ƙananan makarantun kuɗi. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da hoton yaro sanye da farar riga irin ta likitoci, riƙe da kwalba, an rubuta kalmar kimiyya da Turanci da manyan baƙaƙe.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ga yaro ɗan shekara 11 ko 12, wanda zai shiga ƙaramar sakandare, babban abin da uba yake saye da kuɗinsa shi ne malamin da zai tsaya a gaban yaron shekara uku. Suna da gini da kayan ado duk a bayan malami suke. Wanda ya gane haka zai iya cin moriyar ƙaramar makarantar kuɗi ƙwarai da gaske. Wanda bai gane ba kuwa, cinikin biri a sama zai yi.

Abin da ke Kai Iyaye Can

Ba daidai ba ne a zargi uban da ya yi sha'awar irin wannan makaranta, gama yana da hujja. Zariya gari ne wanda ilmin kimiyya ya kewaye shi ta ko'ina. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964, ga asibitin koyarwa a Shika, ga kuma Kwalejin Nuhu Bamalli a kan hanyar Kaduna. Manomin Dutsen Abba yana ganin motocin ma'aikatan waɗannan wurare suna wucewa, ya kuma san cewa likita da injiniya da malamin gona duk ta ƙofa ɗaya suka shiga, watau ƙofar lissafi da kimiyya. Lalle ne ya yi wa ɗansa ko 'yarsa kwaɗayin shiga wannan ƙofa.

Bugu da ƙari, makarantun Gwamnati sun cika sun batse. Tun daga shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, har zuwa dokar 2004 wadda ta mai da karatun shekara tara na farko kyauta kuma dole, yara suna ƙaruwa fiye da yadda ake ƙara azuzuwa da malamai. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta sanar cewa 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. An yi ta jayayya a kan yadda aka gudanar da jarrabawar, amma labarin ya riga ya shiga kunnen iyaye, ya kuma ƙara musu shakka. Uban da ya ji wannan, sa'an nan aka nuna masa aji mai yara 20 da kujeru sababbi, ba abin mamaki ba ne hankalinsa ya karkata.

Abin da Tarihi ya Nuna

Sai dai kafin a sa hannu a aljihu, yana da kyau a waiwayi baya, domin Arewa ta daɗe tana gwada hanyoyin koyar da yaran da suka gama elementare. A zamanin Turawa akwai makarantun Midil a larduna, kuma tsohuwar Midil ta Zariya ita ce ta zama Kwalejin Alhudahuda. Daga Midil ake zaɓen yaran da za su tafi Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta zo Zariya a 1949, aka sa mata suna Barewa a 1971. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta rubuta kimiyya a allon ƙofarta, amma daga Barewa Farfesa Iya Abubakar ya fito, shahararren masanin lissafi wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Abin da makarantun suke da shi shi ne malamai masu zama da yara, masu duba littafinsu layi-layi.

Darasi na biyu ya zo ne da tsarin 6-3-3-4, wanda ya samo asali daga manufar ilmi ta ƙasa ta 1977, aka fara aiki da shi a 1982. Shi ne ya haifi ƙaramar sakandare ta shekara uku da ake magana a kanta. Don a koya wa yara fasaha, an sayo injuna masu yawa daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. A wurare da dama injunan sun shekara da shekaru a cikin akwatunansu har suka yi tsatsa, saboda babu lantarki, babu ɗakin kafa su, babu kuma malamin da ya san yadda ake aiki da su. An sayi kaya kafin a tanadi mutum, sai kuɗin suka tafi a banza.

Darasi na uku daga Kano yake. A 1977 Gwamnatin Jihar Kano ta kafa hukuma ta musamman, ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya guda biyu, a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, saboda ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan jihar. Shirin ya yi albarka, kuma ɗalibansa sun cika asibitoci da jami'o'i. Abin lura a nan shi ne ba daga firamare ake kwaso yaran ba. Sai sun yi shekarun farko na sakandare a makarantunsu, sun sami tushe a kan kowane darasi, sa'an nan a yi musu jarrabawa a zaɓi waɗanda suka dace. Ashe ke nan ko masu kafa makarantun kimiyya na ainihi sun yarda cewa akwai lokacin aza harsashi, akwai kuma lokacin ware fanni.

Har yau haka tsarin yake. Manhajar ƙaramar sakandare ta ƙasa ɗaya ce ga kowa, ta Gwamnati da ta kuɗi, kuma sai a babbar sakandare ake raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya da sauran fannoni. Saboda haka idan ƙaramar sakandare ta kira kanta ta kimiyya, ba wata manhaja dabam take da ita ba. Alkawari ne kawai ta yi cewa za ta koyar da abin da ke cikin manhajar da kyau, kuma haƙƙin uba ne ya bincika ko tana cika shi.

Mece ce Kimiyya ga Ɗan Shekara Goma Sha Biyu?

Kimiyya a wannan mataki tarbiyya ce ta ido da hannu da tunani. Ana so yaro ya saba da duban abu da kyau, ya auna shi, ya rubuta abin da ya gani, ya tambayi dalili, sa'an nan ya gwada ya ga ko amsarsa gaskiya ce. Wannan ba ya bukatar kayan miliyoyin naira. Alal misali, malamin da ya san aikinsa zai jiƙa zoborodo ya raba ruwan a kofi biyu, ya matsa lemon tsami a ɗaya, ya zuba ruwan kanwa a ɗayan. Na farko zai ƙara ja, na biyu ya rikiɗe ya yi duhu mai ratsin kore. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ya kama bakin zaren ilmin sinadarai, kuma ba zai manta ba, domin ya sha ganin mahaifiyarsa tana jefa kanwa a miya don ta kashe tsami. Haka nan inuwar sanda a filin makaranta tana koyar da awo da juyawar duniya, ƙwayar wake a cikin jiƙaƙƙen tsumma tana koyar da tsiro, duwatsun ƙasar Zazzau irin su Kufena kuwa littafi ne buɗaɗɗe a kan yadda rana da ruwa suke farfasa dutse ya zama ƙasar noma.

Kowane gida ya san randa tana sanyaya ruwa, amma wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya tsaya ya yi aiki da dalilin. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunya, idan yana bushewa, yakan tafi da zafi. Sai ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya sami wurin ajiye tumatir da yalo su yi kwanaki ba su lalace ba, ba tare da lantarki ba. Wannan ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A Ingila ma, Michael Faraday, wanda bincikensa ya share fagen injin ba da lantarki, yaron mai ɗinkin littattafai ne da bai yi karatun aji mai zurfi ba, kuma laccocinsa da suka fi shahara ga yara a kan kyandir guda ya gina su. Abin da ya haɗa mutanen nan biyu shi ne ɗabi'ar tambaya da gwaji, kuma ita ce ake nema a dasa wa yaro.

Daɗin daɗawa, kimiyya ba ta tsayuwa sai a kan ƙafa biyu, watau karatu da lissafi. Yaron da ba ya iya karanta shafi guda ya faɗi abin da ya fahimta, ko wanda rabawa da kason ɗari suke ba shi tsoro, ko an kai shi ɗakin gwaje-gwaje mafi tsada kallo kawai zai yi. Makarantar da ta rage lokacin harshe da tarihi da addini da sunan wai tana fifita kimiyya, ta cuci yaron ta fuska biyu, domin ta raunana masa harsashi, ta kuma yanke masa hukunci tun bai san abin da Allah ya hore masa ba.

Amfanin Ƙanƙanta da Illarta

Haƙiƙa ƙarancin yara a aji yana da amfani, kuma an gwada an gani. A Jihar Tenesi ta Amurka, daga 1985 zuwa 1989, an raba yara zuwa azuzuwa masu 13 zuwa 17 da masu 22 zuwa 25, aka tarar na ƙananan azuzuwa sun fi ƙoƙari a karatu da lissafi, musamman 'ya'yan marasa ƙarfi. Amma fa a lura, yaran farkon firamare ne, kuma ɓangarorin biyu duk ƙwararrun malamai ne suke koyar da su. Ƙaramin aji dama ce ga malami ya san kowane yaro, ya gane inda ya cije. In malamin bai ƙware ba, abin da ya faru kawai shi ne an rage yawan waɗanda zai ɓatar.

A nan ne illar ƙaramar makaranta take. Kuɗin da yara kaɗan suke biya ba ya isa a ɗauki malamai da yawa ko a biya su da kyau. Shi ya sa akan tarar da mutum ɗaya yana koyar da lissafi da kimiyya da aikin gona da kwamfuta, daga aji ɗaya har aji uku. Sau da yawa kuma matashi ne mai jiran aiki ko gurbin ƙarin karatu, wanda ranar da ya samu zai ajiye alli ya tafi, ko da a tsakiyar zango ne. Yaron da ya canja malamin lissafi sau huɗu cikin shekara uku, kowane ya zo ya soma daga inda ya ga dama, da wuya ya fita da tushe mai ƙarfi. Babbar makaranta takan jure tafiyar malami guda, ƙarama kuwa tafiyarsa rushewar darasin ce baki ɗaya.

Batun Harshe

Akwai kuma wata al'ada da ta yaɗu a makarantun kuɗi, ta hana yara magana da Hausa, har da tara ko bulala. Iyaye da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin alamar inganci. Babu shakka yaro yana bukatar Turanci mai kyau, tunda da shi zai rubuta jarrabawa. Amma yaron Dutsen Abba da Hausa yake tunani, kuma idan bayanin tururi ko maganaɗisu ya shige masa duhu, hanya mafi kusa ita ce a warware masa da harshensa, sa'an nan a ba shi kalmar Turanci ya riƙe. A Ile-Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun koyar da yara dukan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har ma sun fi su a darussa da dama. Malamin da ba ya iya bayyana dalilin tafasar ruwa da harshen da yaro yake ji, akwai shakka ko shi kansa ya fahimci abin, ko kuwa hadda ce ya yi yake miƙa wa yara su haddace.

Abin da Ya Kamata Uba ya Duba

Gani ya kori ji. Ya kamata uba, tare da uwar yaron in da hali, su je makarantar ranar karatu ba tare da sun sanar ba, su nemi izinin zama a bayan aji na rabin sa'a. Ko uban bai yi boko ba, zai iya gane ko yara suna tambaya, ko kuwa kwafa kawai suke yi daga allo. Ya nemi a nuna masa malamin lissafi da na kimiyya ido da ido, ya tambaye su shekararsu nawa a makarantar, da irin takardar da suke da ita, gama mafi ƙarancin shaidar malanta a ƙasar nan ita ce NCE. Ya karɓi littafin aikin wani ɗalibi ya buɗe, ya ga ko akwai jan biro na gyara, da kuma ranar da aka yi gyara na ƙarshe. In an kai shi ɗakin gwaje-gwaje, ya dubi kayan da kyau. Kwalaben da ƙura ta rufe, ko waɗanda har yanzu suke cikin ledarsu, na nuna wa baƙi ne. Ya tari yaro ɗaya a tsakar makaranta ya ce masa, "Yaro, me ka taɓa gwadawa da hannunka a nan?" Amsar da zai samu ta fi duk abin da ke cikin takardar talla.

Kazalika ya tabbatar makarantar tana da rajista da hukumar kula da ingancin makarantu ta jiha, ya kuma tambayi inda ɗalibanta suke rubuta jarrabawar kammala aji uku, da makarantun da suka samu shiga bayan sun gama. Idan ɗalibanta suna samun gurbi a wurare irin su Barewa da Alhudahuda da makarantar kimiyya ta Kufena, kuma suna riƙe kansu a can, wannan shaida ce. Idan kuwa aka yi masa alkawarin cewa babu yaron da yake faɗuwa a nan, to ya yi hattara, domin makarantar da take taya yaro satar amsa ta koya masa kishiyar kimiyya, wadda ginshiƙinta shi ne faɗin abin da aka gani ko da bai yi daɗi ba.

Kuɗi da Nisa da Tsaro

Ƙaramar sakandare zango tara ce. Manomin da zai biya daga buhunan masararsa ya lissafa zango taran duka, har da kuɗin littattafai da kayan makaranta da na mota, ya kuma ƙaddara shekarar da damina ba za ta yi kyau ba. Ya tuna da ƙannen yaron, maza da mata, kada a tara komai a kan ɗa guda a bar 'yar da wataƙila ta fi shi kai. Cire yaro a tsakiyar hanya saboda bashi, bayan an yi ta koro shi gida a gaban abokansa, yakan karya masa zuciya fiye da a ce tun farko ba a kai shi ba. Wani lokaci abin da ya fi shi ne a bar yaro a makarantar Gwamnati ta kusa, a ɗauki rabin kuɗin a saya masa littattafai, a samo ƙwararren malami ya riƙa bi da shi lissafi da yamma.

Nisa ma abin dubawa ne. Yaron da zai fita tun duhun asuba ya bi babbar hanya zuwa Tudun Wada, ya komo bayan la'asar a gajiye, ya rasa lokacin bita da na Islamiyya. In kuwa ta kwana ce, ba a manta da sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 ba, ko harin da aka kai Kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yuni na 2021. Katanga da mai gadi da sanin wanda yake kwana da yaran, tambayoyi ne da ba a jin nauyin yin su.

Kammalawa

A taƙaice, ƙaramar makarantar kuɗi mai fifita kimiyya tana iya zama alheri babba ga yaron Dutsen Abba, matuƙar tana da malamai ƙwararru masu zama, tana sa yara su yi aiki da hannunsu, tana ƙarfafa karatu da lissafi, ba ta kuma raina harshen da yaro ya tashi da shi. Akwai masu makarantu da suke yin haka tsakaninsu da Allah, kuma sun cancanci a kai musu yara, a kuma biya su a kan lokaci don su iya riƙe malamansu. Wadda ta rasa waɗannan kuwa, ko da ta yi fenti kala bakwai, ba ta fi makarantar da aka guda ba, sai dai ta fi ta tsada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekaru ukun nan in sun wuce ba sa dawowa. Uban da yakan tauna ƙwaya ya duba buhu kafin ya sayi iri, bai kamata ya miƙa ɗansa ga malamin da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Allah ya shiryi zuriya, ya kuma sa a dace.